Daminar da Na Ɗinka Hadari

Akwai wata damina da har in koma ga Mahaliccina ba za ta fita daga raina ba. Shekaru sun ja yanzu, na ɗinka rigunan da ban san adadinsu ba, wasu ma ko an nuna mini hotonsu ba lallai in gane aikina ba ne. Amma riguna ukun da na ɗinka a waccan daminar, da abin da ya faru a barandar gidanmu sanadiyyarsu, ina ganinsu a idona kamar jiya aka yi.

A lokacin mulki bai daɗe da dawowa hannun farar hula ba, Abuja tana ta cika tana batsewa. Duk inda ka waiga gini ake yi, wayar salula ta fara shiga hannun mutane, kuma babu ƙarshen makon da zai wuce ba a yi biki ko walima ko wani taron da mata za su nemi sabon ɗinki ba. Muna zaune a Lugbe, ni da Baba da Umma, ƙannena uku duk suna makaranta a wasu garuruwa. Baba ya yi ritaya daga aikin duba yanayi a filin jirgi. Duk tsawon aikinsa abin da yake yi ke nan: ya fita ya kalli sama, ya auna ruwan da ya sauka, ya duba inda iska ta dosa, ya rubuta a takarda ya miƙa wa masu kula da tashi da saukar jirage. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka tun ina ƙarama Uwata yake kirana.

Ni kuwa na yi shekara huɗu ina aiki a wata ma'aikatar tarayya, ina ɗaukar fayil daga wannan tebur zuwa wancan, zuciyata tana kan keken ɗinkin da na bari a ɗaki. Rannan dai na rubuta takardar ajiye aiki. Da na zo na gaya wa Baba, sai ya ce, "Ɗinki sana'a ce, ban raina ta ba. Amma ki sani ba da son raina kika yi wannan ba."

Daga ranar magana ta yi ƙaranci a tsakaninmu. In gaishe shi, ya amsa, shi ke nan. Na ɗauka fushi yake yi, ni ma sai na yi nawa fushin. Kullum da sassafe nake ficewa, ba na dawowa sai an idar da magariba, don kada mu zauna wuri ɗaya. Kusan shekara guda muka yi a haka a cikin gida ɗaya, abin da har yau idan na tuna sai kunya ta kama ni.

Shagon da nake aiki na wata dattijuwar tela ce 'yar Filato, Kirista, wadda kowa a layin yake kira Madam, ni kuwa Mama nake ce mata. Ita ta ba ni gefe guda na ajiye kekena, ita kuma ta kawo mini labarin cewa wata ƙungiyar mata masu ɗinki za ta yi baje koli a wani otal a cikin gari, kuma an ware wa sababbin hannu wuri, har da kyauta ga wadda ta zo ta ɗaya. Kowace za ta kawo riga uku a kan jigo ɗaya da ta zaɓa wa kanta. Wadda aikinta ya shiga idon manyan mata a irin wannan taro, to, ta samu shiga. Wadda kuma ta kwafsa, za a daɗe ana ba da labarinta.

Na ce gajimare zan yi. Na gaya wa Mama wai a wata mujallar ƙasar waje na ga irinsa. Gaskiya ne na gani, amma yanzu na san ba mujallar ce ta ja ni ba. Ina neman hanyar da zan taɓa zuciyar Baba ne ba tare da na sauke girman kaina ba.

Na sayo farin leshi da raga mai laushi, na yi ta tattara su ina cusawa a kafaɗa da ƙugu har kwana biyar. Da na gama ta farko na rataye ta, na kira Mama ta gani. Ta sauke tabarau zuwa kan hanci, ta zagaya rigar sau biyu, sai ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Yarinya na, wannan gajimare ne ko filo? Idan kwastoma ya sa wannan, za a ce katifa ne ya fashe."

Raina ya ɓaci, amma na san gaskiya ta faɗa. Ta zauna ta share hawayen dariya, ta ce, "Kina da oga na gajimare a gida, kina duba hoto na Turawa. Je ki tambayi Baba naki mana."

"Ai ba ya yi mini magana, Mama."

"Ke kina yi masa?"

Na sauke rigar na ninke ta. Washegari da la'asar na rufe kekena na koma gida da littafin zanena a hannu.

Na tarar da Baba inda ya saba zama, a kujerarsa ta roba a baranda, fuskarsa tana duban gabas, carbi a hannu. Na jawo tabarma na zauna kusa da ƙafarsa, na ce ina so ya koya mini gajimare, saboda wani aiki da zan yi. Na zaci zai tambaye ni wane aiki, ko ya ce ba ruwansa. Sai kawai ya ce, "Ɗaga kai ki duba gabas. Me kika gani?"

"Gajimare, Baba."

"Na san gajimare ne. Wane iri? Kansa fa, ya yake? Gindinsa fa?"

Na sake dubawa. Wallahi shekarata ashirin da takwas a duniya a lokacin, amma ranar na fara lura cewa gajimare yana da kai da gindi. Na ce kansa fari ne tas, yana ta tasowa kamar kumfar sabulu, gindin kuma ya yi duhu, kuma a miƙe yake kamar an sa almakashi an datse.

"Yawwa," in ji shi. "To ki sa masa ido. Idan kan ya daina tasowa ya fara bajewa gefe kamar faifai, ki ce wa uwarki ta kwashe shanya."

Ba a yi awa ɗaya ba muka kwashe shanyar.

Haka muka ci gaba kowace la'asar. Ya ce in duba in faɗa, in faɗa ya gyara mini. Ya nuna mini bambancin ƙananan gizagizan safiya masu tafiya kamar garken tumaki da siraran can sama masu kama da zaren audugar da aka ja. Ya ce hadarin garin nan daga gabas yake tahowa, kuma kafin ya iso sai iska ta tsaya cak, tsuntsaye su yi shiru. Ya ce sararin marka ba shi da fuska, toka-toka ne kawai a shimfiɗe, amma wanda ya iya kallo zai ga toka kala biyar a ciki. Ina rubutawa, ina zanawa. Abu ɗaya dai na lura da shi: bai taɓa cewa "ga shi can" ba. Kullum ni ce mai dubawa. Na ɗauka salon koyarwarsa ke nan.

A mako na biyu ne aka yi wani ruwa mai ƙarfi da azahar, ya ɗauke wajen ƙarfe biyar, rana ta leƙo daga yamma. Wani gajimare da ya rage a gabas ya kama hasken ya koma ruwan goro, abin gwanin kyau. Na miƙa hannu na ce, "Baba, kalli!" Sai na ga ya juyo wajen muryata, bai bi yatsana ba. Idonsa ya wuce ta gefen fuskata ya tsaya a kan bango.

Nan take na fara zargin ba ya gani. Abin da na yi bayan nan ban taɓa yafe wa kaina shi gaba ɗaya ba. Maimakon in tambaye shi, sai na gwada shi. Na ce, "Baba, ga bakan gizo can ya fito, babba."

Babu wani bakan gizo. Amma shi ya ji ɗumin rana a ƙeyarsa, ya san an gama ruwa, ya san lokacin fitowarsa ne. Ya ɗaga kai sama, ya yi murmushi, ya ce, "Masha Allah. Ai na gan shi."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Yana saurarena, murmushin yana gushewa a hankali. Can ya ce, "Babu shi, ko?"

"Babu, Baba. Ka yafe mini."

"Ni ma na yi miki ƙarya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Na tambaye shi tun yaushe. Ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa ta gefe bai sani ba. Na hagun ya riga ya tafi, na daman kuma saura ɗan abin da yake gane haske da duhu da inuwar mutum. Gidan ya san shi da ƙafa, masallaci kuma maƙwabcinmu yake bi su tafi tare, shi ya sa ban gane ba. Da ma ina zan gane, ni da ba na zama?

"Likita ya gaya mini a watan da kika zo mini da maganar ajiye aiki," in ji shi. "Na duba na ga idona zai tafi, ke ce babba, ga ƙannenki ba su gama karatu ba. Tsoro ne ya kama ni, Uwata. Na rasa yadda zan ce miki ina jin tsoro, sai na yi shiru. Da na ga kin fara gudun gidan, sai shirun ya fi ƙarfina."

Na waiga na ga Umma tsaye a bakin ƙofa da farantin shayi, hawaye yana zuba. Ta sani tun farko, shi ya hana ta faɗa.

Da gari ya waye na yanke shawara. Na je shago na gaya wa Mama na fasa zuwa baje kolin, zan rubuta takarda in roƙi a mayar da ni bakin aikina. Ba ta yi mini musu ba. Ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya ba Baba sauƙi. Amma kafin ki rubuta, gaya masa. Kin yi na farko ba ki tambaye shi ba, kada ki yi na biyu haka."

Da la'asar na gaya masa. Ya girgiza kai tun kafin in kai ƙarshe.

"A'a. Da kin koma don kin gane can ya fi miki, da na yi murna. Amma idan saboda idona ne, kullum na ji fitarki da safe zan san ni na ɗaure ki. Kwana goma sha biyu ke nan kina gaya mini sama, na ji yadda kike kallo. Wanda yake kallo haka ba a mayar da shi ɗaukar fayil." Ya miƙo hannu. "Ina yadin? Kawo in taɓa."

Daga nan aikin ya koma barandar gidanmu. Na farke rigar filon nan gaba ɗaya. Na ɗauki farin yadi mai laushi na kai wa wani marini Bakano da ke aiki a Karmo, na zauna a gefensa yini guda ina nuna masa yadda nake so launin ya sauko a hankali, daga fari zuwa toka, daga toka zuwa shuɗi mai duhu. Sai da muka ɓata yanki biyu kafin ya gane ba dabbare-dabbare nake so ba. A tsakanin nan kuma na karɓi ragamar kai Baba asibiti da ɗiga masa magani a kan lokaci, don ashe yakan tsallake idan Umma ta shagala. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, sai dai a tsare ɗan abin da ya rage.

Riga ta farko na kira ta Safiya: shuɗi mai haske, da ƙananan tattara farare a warwatse a ƙasa. Ta biyu Marka, toka kala biyar ɗin nan da Baba ya faɗa, falle a kan falle, babu ado ko ɗaya. Ta uku ita ce Hadari, ita ce kuma ta ba ni wahala. Doguwar riga ce, fara a kafaɗa, tana duhu tana saukowa, da mayafi mai faɗi wanda zai baje a sama kamar kan hadarin da ya nuna. Na yi mata walƙiya da zaren azurfa, tun daga ƙirji har ƙasa, ina ta jin daɗin kaina.

Saura kwana biyu taron na shimfiɗa ta a cinyar Baba. Ya bi ta da yatsu a hankali tun daga wuya, yana gyaɗa kai, har ya kai ga surfanin. Ya tsaya.

"Wannan mene ne?"

"Walƙiya ce, Baba."

"Walƙiya ba ta zama a kalle ta. Kafin ki ce ga ta, ta tafi. Ki sa ta inda sai an motsa za a gan ta." Ya ci gaba har ya kai bakin rigar, inda na yi kalmasa mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa don ado. "Nan ma. Gindin hadari a miƙe yake, kuma da nauyi. Wannan naki ba zai zubar da ruwa ba."

Na ce masa lokaci ya ƙure. Ya ce shi dai ya faɗi abin da hannunsa ya gani. Na kwashi rigar na kai shago ina ƙunƙuni, ina sa ran Mama za ta goyi bayana. Ta duba, ta ɗauko reza biyu ta miƙo mini ɗaya. Yini guda muka yi muna farke zaren azurfar nan ɗaya bayan ɗaya don kada yadin ya huje. Washegari na mayar da shi cikin wata doguwar tattara a gefe, ta yadda idan mai rigar tana tsaye ba a ganin komai, sai ta ɗaga ƙafa tattarar ta buɗe. Bakin rigar kuma na datse shi a miƙe, na sa masa shafi mai kauri.

Ranar taron ban yi tsammanin Baba zai je ba, don ba mai son shiga taron mata ba ne, balle yanzu. Ina shirin fita sai na gan shi a falo ya sha farar shadda da hula, Umma tana gyara masa wuyan riga. Mama ta samar musu kujera a layi na uku, ta zauna a damansa.

Ina bayan labule tare da 'yan matan da za su sa rigunan, amma ta wata 'yar kafa ina hango su Baba. Safiya ta fita, aka tafa kaɗan. Marka ta fita, ɗakin ya yi tsit, na kasa gane ko daɗi suka ji ko ba su fahimta ba. Sai Hadari. Yarinyar da ta sa ta doguwa ce, baƙa, tana tafiya a natse, mayafin ya baje a bayanta, bakin rigar yana jan ƙasa da nauyi. Da ta kai tsakiya ta juya, tattarar ta buɗe, azurfar ta ƙyalla a hasken fitila ta ɓace. Na ji wata mata ta ce "Kai!" da ƙarfi, sannan tafi ya ɓarke.

Na ga Mama ta sunkuya a kunnen Baba tana magana da hannu da baki. Daga baya Umma ta ba ni labarin abin da take cewa: "Baba, hadari yana zuwa, yana zuwa, ƙasa nashi baƙi ƙirin, ya miƙe sak. Ya juya yanzu. Baba, walƙiya ya yi! Ya tafi!" Shi kuma yana tambayarta, "Sau nawa?" Ta ce sau ɗaya. Ya ce, "Daidai ne."

Ban zo ta ɗaya ba. Wata mai ɗinkin amare ce ta ɗauki kyautar, kuma ta cancanta. Amma kafin a watse mata huɗu sun karɓi lambar wayata, ɗaya daga cikinsu har yau ni nake yi mata ɗinki, ita da 'ya'yanta.

A hanyarmu ta komawa Lugbe cikin tasi, Baba yana gaba, mu uku muna baya. Mun hau titin filin jirgi, ya sauke gilashi iska tana dukan fuskarsa. Sai ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Duk tsawon aikina ina rubuta gajimare a takarda, ban taɓa jin an tafa masa ba sai yau." Mama ta yi dariya, Umma ta yi, direban ma da bai san zancen ba ya taya mu. Da dariyar ta lafa sai Baba ya ce, "Ki riƙe sana'arki da kyau, Uwata. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki ci halal da ita."

Na ce amin.

Baba ya ƙara shekara shida a duniya bayan wannan. Ɗan hasken da ya rage masa ya kai shi kusan ƙarshe. A shekarun nan, duk yawan aikin da ke gabana, ko da kayan amarya ne, la'asar ba ta taɓa samuna a shago ba.

Abin da wannan daminar ta koya mini shi ne kada in sake fassara shirun wanda nake ƙauna ni kaɗai a cikin raina. Na yi kusan shekara ina wa mahaifina kallon mai fushi, alhali mutum ne da ke zaune cikin tsoro yana jiran wanda zai jawo tabarma ya zauna kusa da shi. Iyaye ba su iya cewa suna jin tsoro ba, musamman a gaban 'ya'yansu. Don haka duk wanda nasa suke raye, idan ya ga sun yi shiru, kada ya tsaya zargi ko gwaji kamar yadda na yi. Ya koma gida da wuri, ya zauna, ya tambaya.